Rasuwar Hajiya Madam, Ƙamus Mai Magana na Sada Mai Fenti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau warin kananzir bai sake su ba, ni Sada Mai Fenti na bakin tashar Daura nake sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da munafukan layinmu, rasuwar abokiyar aikina Hajiya Madam, ƙamus mai magana, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan gajeriyar jinya ta kamar minti huɗu. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a hannuna. Shekarun da ta yi kafin ta zo, waɗanda suka ƙera ta kaɗai suka sani.

Na rubuta wannan sanarwa kwafi uku. Ɗaya za a manna a tasha, ɗaya a jikin ƙofar shagona, ɗaya kuma an riga an kai gidan ƙanena Kalilu, ɗan acaɓa, wanda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Tun ranar rasuwar bai sake ce mini Yaya ba, kuma na ji an ce ranar Lahadi zai kwashe iyalinsa da mahaifiyarmu ya koma garin Babban Mutum wurin surukansa. Shi bai iya karatun boko ba, amma akwai mai karanta masa. 'Yarsa ta iya karatu, wannan kam duk layin nan mun shaida.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ba ta fi tafin hannu ba. Baƙa ce, mai murfi, da madannai ƙanana irin ƙwayar masara, da ɗan gilashi a sama inda rubutu yake fitowa. Batir biyu take ci, su kai ta wata biyu, abin da babu macen da za ta yi maka a wannan zamani. In ka buɗe ta sai ta ce ɗin-ɗin, kamar mai sallama. In ka rubuta kalmar Turanci ka danna jan madanni, sai muryar wata Baturiya ta fito ta hanci ta faɗi kalmar, sannan ma'anar ta fito a rubuce a ƙasa, ita ma da Turanci. Hajiya muke ce mata domin daga Makka ta zo. Alhaji Dabo mai manyan motoci ne ya sayo ta a aikin hajjin da ya biyo bayan ƙaddamar da shari'a, yana zaton na'urar karatun Alƙur'ani ce. Ya tara iyalinsa a tsakar gida, kowa ya yi alwala, ya danna, sai ga Baturiya tana magana. Washegari ya miƙo mini ita da yatsa biyu, ya ce ni da na yi aji uku a sakandare in san yadda zan yi da ita.

Ta zo mini a kan gaɓa. A lokacin sana'ata ta fara tangal-tangal, domin direbobi da kansu suke kawo motoci in shafe zanen da ni na yi musu, na mata da na 'yan dambe da na zaki mai buɗaɗɗen baki, wai kada a yi musu kallon masu ƙarancin imani. To, in an shafe, me za a sa a wurin? Rubutu. Kuma mutanenmu ba sa son rubutun Hausa a jikin abin hawa, domin kowane ƙato zai karanta ya tofa albarkacin bakinsa. Aya kuwa ba a sa ta inda taɓo zai fantsama. Sai Turanci, wanda ke da kwarjini kuma ba ya karya alwala. Nan Madam ta ɗaga ni sama.

Ga yadda muke aiki, don 'yan baya su sani. Mutum zai zo ya zauna a benci ya faɗi irin abin da yake so, ko na kirari ko na habaici ga maƙiya. Ni kuma in buɗe Madam, ta yi sallamarta, in yi ta dannawa ina gyaɗa kai, ina ɗaure fuska irin ta likita. In na samu kalma sai in danna jan madanni ta faɗa. Mai aiki ya maimaita sau uku har harshensa ya kama. Sannan in dubi gilashi in fassara masa. Ba wanda yake leƙa gilashin nan, wannan doka ce, kuma shekara goma sha ɗaya ba wanda ya karya ta.

Marigayiya mutuniyar kirki ce, kuma ta yi wa garin nan hidimar da ba a gode mata ba. Ita ta raba gardamar da aka yi kwana biyu ana yi a tasha a kan rubutun da ke jikin ƙofar banki, ta tabbatar cewa push turawa ne, pull kuma jawowa, bayan dattawa da manyan riguna sun yi ta kokawa da ƙofa a gaban jama'a. Ita ta sanar da 'yan dako cewa kwalin da aka rubuta wa fragile ba sunan mai kaya ba ne, gargaɗi ne cewa abin ciki yana fashewa. Ita ta hana wata tsohuwa daga Mai'adua shan maganin shafawa. Ba ta taɓa gajiya da tambaya ba, ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba, kuma ko sau ɗari ka danna, da murya ɗaya za ta amsa, ba tsaki ba harara. Babban halinta kuwa, wanda shi ne ya yi ajalinta, ba ta ƙarya. Duk abin da ta rubuta a gilashin nan gaskiya ne. Fassara ce aikina.

Ta rasu ta bar 'ya'ya da yawa, warwatse a jikin motoci da babura da allunan shaguna, daga Daura har bakin iyaka. Mafi yawansu 'ya'yan halak ne. Wanda ya zo mini da ladabi ya samu Gentle ko Lucky ko Patience, kuma abin da na ce masa suna nufi shi suke nufi. Amma akwai waɗanda aka haifa a ranar da raina yake ɓace, kuma tunda asiri ya riga ya tonu, bari in ambaci biyu da bakina kafin a ƙara musu gishiri.

Akwai Blunt, wanda ke saman shagon Hussaini mai aski, maƙwabcina na dama. Na ce masa yana nufin gwani na gwanaye. Ma'anarsa dakusasshe. Hussaini ya taɓa yanka mini kunne ana gobe salla, ya ce ni na motsa, kuma har yau tabon yana nan, duk mai so ya zo ya gani. Akwai kuma Lukewarm, a jikin teburin Zakiyyu mai shayi, maƙwabcina na hagu. Na ce masa yana nufin mai ratsa jiki. Ma'anarsa ba zafi ba sanyi. A kan wannan ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba, domin duk wanda ya taɓa shan shayin Zakiyyu ya san Madam ba ta zalunce shi ba.

Sai babban ɗanta, wanda ya fi kowa suna, wanda ke rataye a robar bayan babur ɗin Kalilu.

Dole in koma baya kaɗan. Mu biyu muka rayu cikin bakwai da Inna Larai ta haifa, ni na fari, shi auta. Tun muna yara in an sauke tukunya shi ake fara zuba wa, har da man shanu in akwai, ni kuma in jira ya ƙoshi a turo mini kwanon. In na yi magana a ce ai kai babba ne. Na girma, na koyi fenti, na roƙi Inna shekara da shekaru ta taimaka mini in sayi injin feshi, ta ce shanunta biyu na ranar wanka da likkafani ne. Rannan kawai, shekara biyu da zuwan Madam, sai ga Kalilu ya turo sabon babur ƙofar shagona, ledar kujera ma ba a cire ba. Inna ta sayar da sa ɗaya. Yana ta washe baki kamar an ba shi sarauta.

“Yaya, ga shi nan fa. Wallahi ko gida ban kai shi ba, na ce sai ka fara sa masa albarka. A tambayi Madam ta ba ni suna mai zafi, wanda duk Daura ba mai irinsa.”

Na ce ya zauna. Na buɗe ta, ta ce ɗin-ɗin. Ban yi dogon nema ba, domin kalmar ta daɗe a raina tun ranar da na ci karo da ita. Na danna, Madam ta faɗa ta hanci, ya maimaita sau uku, Leftoba, Leftoba, Leftoba. Ya ce me take nufi? Na dubi gilashi, inda aka rubuta cewa abincin da ya rage bayan kowa ya ci ya tashi, na dubi ƙanena, na ce tana nufin wanda ba a kamo shi a guje. Ya yi tsalle ya rungume ni. Na rubuta masa LEFTOVER da jan fenti, na zagaye da fari, kuma ina shaida wa duniya ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba.

Na ɗauka wasan mako ɗaya ne. Na ce wani ɗan boko zai hau bayansa ya gaya masa, ya zo mu yi faɗa, in shafe, shi ke nan na huce. Amma mutanen garin nan sun fi ni mugunta, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye. Malaman makaranta sun hau babur ɗin nan. Ma'aikatan asibiti sun hau. Masu ɗamara a shingen hanyar Mai'adua sun karanta sun yi dariya sun ɗaga masa hannu. Duk wanda ya yi aji uku a Daura ya sani, kowa ya yi gum, domin abin yana yi musu daɗi. Sunan ya bi shi har ya cinye na yanka. Kalilu Leftoba a tasha, matarsa Shatu ta zama matar Leftoba a gidan biki, 'yarsu Khairunnisa tun kafin ta shiga makaranta ake ce mata 'yar Leftoba. Mutum ɗaya tak, wani malamin firamare mai tsoron Allah, ya taɓa ja shi gefe zai yi masa bayani. Kalilu ya sauke shi a tsakiyar hanya, ya ce:

“Kai ka fi yayana sani ne? Yayana na'ura gare shi. Hassada ce ke cin ka, sauka ka taka da ƙafa.”

Da kansa ya zo ya ba ni wannan labari, yana jiran in yaba masa. Na yaba masa.

Babur uku ya canja a shekara tara. Kowane sabo, kafin ya kai shi gida, nan yake fara kawo shi. Sau uku Allah ya ba ni dama in ce sunan ya tsufa, a sake wani. Sau uku na wanke buroshi na rubuta. Masu cewa ba ni da imani su faɗa mini yadda ake gaya wa mutum, bayan ya sa an ɗinka sunan a bayan rigar ruwansa, cewa ragowar tuwo yake yawo da ita.

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne daga nesa, a wani aji na ƙaramar sakandare ta 'yan mata, ranar Litinin. Khairunnisa tana aji biyu, shekararta goma sha uku, baƙar yarinya mai ido a tsaye, irin waɗanda ba sa dariya in babba ya yi barkwanci. Malamar Turanci tana koya musu kalmomin kicin, cokali da tukunya da murhu, sai ta rubuta kalmar nan a allo, ta fassara da Hausa don kowa ya gane. Aka ce nan take yara sittin suka juyo gaba ɗaya suka kalli benci na uku. Sai dariya ta fashe. Har aka tashi, in ta wuce sai a miƙo mata kwano.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Da la'asar uban ya dawo ya jingine babur a zaure ya tafi masallaci, ita kuma ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa ta durƙusa ta fara kankare rubutun. Ta cinye harafi uku ya same ta. Kalilu, wanda bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan yatsa ba, wanda yake goya ta a tanki ya kai ta makaranta ko da fasinja na jira, ya ɗauke ta da mari har ɗankunnenta ya fita. A nan ta faɗa masa. Ya ce ƙarya ne. Ya ce malamar jahila ce. Ya ce gobe ba makaranta, za su je Madam ta ƙaryata ta a gaban mutane, ta san yayansa ba sa'an malamarta ba ne.

Ina so mai karatu ya fahimci wannan da kyau. Ba faɗa ya kawo shi ba, zuwa ya yi in wanke shi.

Talata da hantsi ina tsugune ina rubuta lambar wata motar haya, gwangwanin kananzir da nake wanke buroshi yana gefen ƙafata, sai ga su. Kuncin yarinyar a kumbure. Ya kira Hussaini, ya fito da almakashi a hannu. Ya kira Zakiyyu, ya bar tukunya a wuta. 'Yan acaɓa biyar ko shida suka matso.

“Yaya, yi haƙuri na katse maka aiki. Yarinyar nan ce boko ya fara taɓa mata kai. Wai sunana ragowar abinci. Don Allah kunna Madam ta ji da kunnenta, in ya so ta durƙusa ta ba ka haƙuri.”

Na ce batir ya yi sanyi. Zakiyyu, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi, ya ce ai ga sababbi a rediyonsa, ya ciro ya miƙo. Na sa. Ta ce ɗin-ɗin, lafiyarta lau, muryarta garau kamar ranar da ta zo. Na rubuta kalmar, yatsana yana kuskure ina gogewa. Na danna jan madanni. Ta faɗa, yadda ta saba, ba ta ƙara ba ta rage ba. Kalilu ya juya ya kalli 'yarsa.

“To, kin ji dai. Yaya, fassara mata.”

Na buɗe baki, sai yarinyar ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba, har da ɗan rusunawa.

“Baba Sada, ba sai ka wahala ba. Ba ni in karanta abin da ta rubuta a ƙasa.”

Ta miƙo hannu. Na ce ba a leƙa gilashi, doka ce. Kalilu ya yi dariya ya ce:

“Ba ta, Yaya. Yau ɗaya dai a karya dokar. Ba ta ta karanta da bakinta, kunya ta ishe ta.”

A kwafin farko na wannan sanarwa na rubuta cewa marigayiya ta zame ne. Na yaga shi, domin mutum tara sun gani. Hannun yarinyar yana tafe, nawa yana kan gwangwani, na buɗe yatsuna. Ta faɗa cikin kananzir da jan fenti, tsulum. Ba ta mutu nan take ba. Daga can ƙasa ta fara maimaita kalmar da kanta ba wanda ya danna ta, muryar tana kumbura tana jan jiki, Lef, Lef, sannan wani dogon ƙara siriri irin na sauro, sannan shiru. Na tsoma hannu na ciro ta, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Na yi salati da ƙarfi, na ce wayyo Madam, na duba ko wani zai taya ni. Ba wanda ya ko motsa.

Kalilu ya daɗe yana kallon hannuna, jan fenti yana ɗiga daga gwiwar hannu. Dariyar da ya yi ba ta gama barin fuskarsa ba, ta tsaya a wurin ta bushe. Can ya ce, a hankali:

“Shekara goma sha ɗaya, ko ruwan sama ba ka bari ya taɓa ta ba.”

Sai ya juya mini baya. Ya durƙusa a gaban 'yarsa, a cikin ƙasa, a gaban 'yan acaɓa, ya kama hannunta biyu ya ce ta yafe masa don Allah. Ita kuwa ko hawaye ba ta yi ba, ni take kallo ta saman kansa. Da za su tafi Hussaini ya tare ta, ya nuna allon shagonsa da almakashi, ya ce 'yata, wannan fa? Ta karanta ta faɗa masa. Zakiyyu ya ce nawa fa? Ta faɗa masa. Yarinyar nan ba ta da tausayi ko na ƙwayar gero, kuma ban san inda ta gado shi ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Hussaini ya sauke allonsa ya jingine mini a ƙofa, kuma ya rantse in na sake zama a kujerarsa zan gane ko askarsa dakusasshiya ce. Zakiyyu ya daina sayar mini da shayi, wanda wannan rahama ce. Direbobi suna ta zuwa da 'ya'yansu 'yan makaranta a duba musu bayan mota, har waɗanda na yi wa aikin gaskiya, kuma ba wanda ya dawo ya ce na gode da aka samu nasa lafiya. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Mutanen da suka yi shekara tara suna dariya a ɓoye yanzu sun samu lasisi. Kalilu ya yanke robar ya jefar, amma a tasha in ya tsaya sai ka ji wani daga bayan mota ya ce, “Ragowa, Mai'adua za ka?” Da Hausa yanzu, don kada ya yi kuskuren fahimta. Kwana uku ya jure, a rana ta huɗu ya daina fitowa tasha. Ni na rubuta kalmar, na yarda, amma waɗannan ba ni na koya musu ba.

Inna Larai ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa, ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu, tana tsince shinkafa. Na ce Inna, ke ma fa kin san kwanon da kike turo mini. Ta ce ta sani, kuma in da ita nake da magana, ga ta a zaune shekara tara, me ya hana ni zuwa, sai na je na rama a kan wanda ya ɗauke ni uba? Na miƙe na ja ƙafata na fito.

Limamin layinmu ya gaya wa Kalilu cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Kalilu mai bin doka ne. Ranar Juma'a ya tsaya a bakin titi, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin bai kashe ba, ya ce, “Salamu alaikum, Malam Sada,” ya ja babur ɗinsa. Malam Sada. Da ya zage ni ta uwa ta uba, ko da yake tamu ɗaya ce, da na fi jin daɗi.

Shi ya sa na yi wannan sanarwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. A garin nan ko kun kai shekara ashirin kuna gaba da mutum, ko kotu ta raba ku, in aka yi masa rasuwa za ka zo ka cire takalmi ka zauna a tabarma ka ce ya haƙuri. Ɗan'uwa kuwa ba gaisuwa yake zuwa ba, zama yake yi a gefenka a riƙa gaishe ku tare. Na duba duk abin da ya rage mini da zai tilasta wa Kalilu zama kusa da ni, ban samu ba sai gawa. To, ga gawa.

An yi wa marigayiya wanka da fetur, an busar da ita a rana, mai gyaran rediyo ya buɗe cikinta ya tabbatar sai dai haƙuri. Liman ya ce ba za a yi mata salla ba, kuma in na sake kawo masa irin wannan magana zai haɗa ni da hukuma. An naɗe ta a farin ƙyallen da nake goge hannu, inda ya rage fari. Za a binne ta ranar Asabar bayan sallar la'asar a bayan shagona, gindin bangon da ake fitsari, domin nan kaɗai ƙasar take da laushi. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara, aljihu ya isa. Zaman makoki a ƙofar shago, daga Asabar ɗin har zuwa Lahadi da azahar, lokacin da motar kayansu za ta bi ta gaban tasha. Na haɗa fenti sabo, fari da kore, kuma duk sunan da mutum ya zaɓa da bakinsa, da Hausar da ya sani, zan rubuta masa.

Ƙarin bayani, wanda na sa da biro a ƙasan kwafi biyun da suka rage. Matata Rabi, wadda ta kai ɗaya kwafin gidan Kalilu, ta dawo yanzun nan. Ta ce ta same su suna ɗaure kaya. Khairunnisa ta karanta masa tun daga sama har ƙasa, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba, shi kuma yana zaune a kan buhun gero yana saurare. Da ta gama sai ya ce:

“Ki ce wa Malam Sada Allah ya ba shi haƙuri. Ki ce ba zan samu zuwa ba, don ni ma an yi mini rasuwa ranar Talatar nan, a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Yayana ne. Na riga na binne nawa.”

Jana'iza tana nan yadda aka tsara. Tabarma babba ce, ta mutum biyu, kuma ba zan naɗe ta ba sai motar ta wuce.

Sanarwa daga Sada Mai Fenti, bakin tasha, Daura.